Yini Guda a Duxford, Makwantar Jiragen Yaƙi

Sababin wannan tafiya zumunci ne, domin ɗan ƙanwata da ke zaune a Landan, wanda ya karanci injiniyancin jiragen sama kuma yake cin abinci da gyaransu, ya daɗe yana aiko mini da gayyata, har na ga cewa in na ci gaba da kawo uzuri, uzurin zai zama yankan zumunci. Amma abin da ya sa na ga labarinta ya cancanci alƙalami shi ne yinin da muka yi a Duxford, wani tsohon sansanin mayaƙan sama kusa da birnin Kambirij, inda Turawan Ingila suka tara jiragen da suka gama aiki, suka buɗe ƙofa ga duk mai son ya gani ya yi i'itibari.

Na bar Kano bayan sallar asuba a ƙarshen watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke korar mutane daga ɗaka zuwa tsakar gida, muka bi ta Kwanar Dangora da Zariya, muka isa Kaduna da hantsi. Daga Rigasa na shiga jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana Abuja a gidan wani tsohon abokin karatu, wanda bai bar ni na sa hannu a aljihu ba tun daga tasha har filin jirgi. Sha'anin biza da binciken kaya ya wuce yadda ya saba wucewa, da jira da haƙuri. Abin da kawai zan faɗa wa mai niyyar zuwa shi ne kada ya wahalar da kansa da guzurin kilishi, domin dokarsu ta hana shigar da nama, amma kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji sun wuce lafiya.

Allah ya nufa kujerata ta faɗo kusa da taga, daidai bayan fiffike, sai na sami darasi na farko tun ba mu bar ƙasa ba. Da jirgin ya yi shirin tashi, na ga wasu alluna sun zaro daga gefen baya na fiffiken sun sunkuya ƙasa, fiffiken ya ƙara faɗi da lanƙwasa. Da muka yi sama gudu ya kankama, sai suka koma suka shige kamar ba su taɓa fitowa ba. Muka ratsa Sahara tsawon sa'o'i, rairayi ja iya ganinka, babu gari babu itace, har muka fita ta Aljeriya muka hau Bahar Rum. A nan na tuna da Abbas ɗan Firnas, masanin Ƙurɗuba na ƙarni na 9, wanda malamin tarihi Maƙƙari ya ruwaito cewa ya ɗaura wa kansa fukafukai ya yi shawagi, amma ya ji ciwo wajen sauka, domin ya manta cewa tsuntsu da bindinsa yake sauka.

Daga Heathrow jirgin ƙasa ya kai mu Whitechapel a gabashin birnin, unguwar da za ka ji kiran salla daga babban masallacinta ana tsakiyar hada-hadar kasuwa. Gidan ɗan nawa ɗaki biyu ne da falo, babu tsakar gida babu zaure, kuma abin da yake biya a wata guda ya isa ya kama gida sukutum a Kano shekara guda har da canji. Duk da ƙuncin wurin, suka bar mini ɗakin yara, matarsa ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, maƙwabcinsu mutumin Bangaladash ya aiko da kwanon shinkafa da kaza don ya ji an yi baƙo daga gida, na ce lalle karramar baƙo ba ta da ƙabila.

Ranar tafiya muka yi sammako zuwa tashar Liverpool Street, muka shiga jirgin da ke zuwa Kambirij, muka sauka a wata 'yar tasha mai suna Whittlesford Parkway bayan sa'a guda da 'yan mintoci. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, alkama kore shar, da gonakin wani tsiro mai ruwan ɗorawa da suke matse mai daga irinsa, amma abin mamaki, duk faɗin gonakin nan ban ga mutum ko ɗaya da fartanya ba. Kuɗin shiga gidan tarihin ya kusa fam 30 ga babba, alhali fam ɗaya a lokacin yana kai naira 2,000 ko kusa, wato abin da ya doshi mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a Nijeriya, naira 70,000. Da na fara wannan lissafi da ƙarfi, sai ɗana ya ce, "Kawu, in za ku riƙa juya kowane fam zuwa naira, ko ruwa ba za ku sha ba a ƙasar nan," ya biya muka shiga.

An gina sansanin a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma rundunar da ke zaune a nan ce ta fara karɓar jirgin Spitfire a 1938. Amurkawa suka karɓe shi a 1943, sojan saman Ingila suka bar shi a 1961, daga baya ya koma hannun hukumar gidajen tarihin yaƙi. Tsawon wurin ya kai mil guda, rumfuna jere a gefen titin jirgi, kuma har yanzu tsofaffin jirage masu farfela na tashi suna sauka a gaban 'yan kallo. A rumfar farko muka tarar da 'yan makaranta, malamarsu na nuna musu yadda iska ke ɗaga fiffike, ɗana kuwa ya yi mini nasa bayanin a gefe. Ya ce ƙarfi huɗu ne ke jayayya a kan kowane jirgi: nauyi na jan sa ƙasa, fiffike na ɗaga shi, inji na tunkuɗa shi gaba, iska na turje masa. Fiffike yana tarar iska a ɗan karkace, ya lanƙwasa ta ya tura ta ƙasa, matsin da ke samansa ya ragu bisa na ƙarƙashinsa, sai ya ɗagu. Kuma ƙa'ida ce cewa in gudu ya ninka biyu, ɗagawar za ta ninka huɗu. Saboda haka mai gudu ƙaramin fiffike ya ishe shi, mai tafiya a hankali kuwa tilas ya nemi babba, kuma wannan ita ce hikimar allunan da na gani ta taga, aron faɗi ne jirgi ke yi a lokacin da gudunsa ya yi ƙasa.

A cikin wannan rumfa aka rataye Jaguar, jirgin farmakin da Ingila da Faransa suka haɗa hannu suka ƙera, ya fara tashi a 1968. Siriri ne mai tsinin hanci, tsawonsa ya kusa mita 17, amma fukafukansa daga baki zuwa baki ba su kai mita 9 ba, kuma a karkace suke zuwa baya. Wani dattijo Bature daga cikin masu aikin sa-kai a wurin, wanda ya ce ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran jiragen soja, da ya ji daga inda na fito sai ya saki fuska ya tsaya tare da mu. Ya ce an yi Jaguar domin ya shiga ƙasar abokan gaba da matsanancin gudu, yana bin doron ƙasa ƙarƙashin idon na'urar rada, ya zubar da bama-bamansa sau ɗaya ya fice. Karkatar fiffike tana jinkirta turjiyar da ke taso wa jirgi in ya doshi gudun sauti. Ƙanƙantarsa kuwa tana hana gurɓatacciyar iskar kusa da ƙasa jijjiga matuƙi har ya kasa saiti. Amma taura biyu ba ta taunuwa: ƙaramin fiffike ba ya son kaya mai nauyi, ba ya son juyi a ƙunci, yana kuma cin dogon titi kafin ya tashi, har matuƙansa na yi masa ba'a cewa ba don duniya a dunƙule take ba, da ba zai taɓa rabuwa da ƙasa ba. Domin rage wannan aibi, maƙeran suka shimfiɗa allunan ƙarin ɗagawa a duk tsawon bayan fiffiken, har ba a bar gurbin allunan da ake karkata jirgi da su ba, sai aka ɗora wannan aiki a kan wasu marafai da ke ɗagowa a saman fiffike, da ɓangarori biyu na wutsiya waɗanda ke iya motsi saɓanin juna.

Wannan jirgi ba baƙo ba ne a wajenmu. Da shi Faransa ta kai hari kan titin jirgin da Libiya ta gina a Wadi Dum, arewacin Cadi, a watan Fabrairun 1986. Nijeriya kuma ta sayi guda 18 a shekarun 1980, aka ajiye su a Makurɗi, amma ba su yi shekara goma suna tashi ba tsadar kayan gyara ta kwantar da su.

Muka ci abincin rana a wurin, soyayyen kifi da dankalin Turawa, domin shi ne abin da babu shubuha a cikinsa, da shayin da kuɗin kofi ɗaya zai shayar da majalisa guda a teburin mai shayi a Fagge, da burodi da ƙwai. Daga nan muka taka zuwa ginin Amurkawa, wanda Norman Foster ya zana aka buɗe a 1997, aka kuma auna girmansa da jirgin B-52 da ke tsakiyarsa. Hanyar shiga an jera mata allunan gilashi 52, an zana a jikinsu surar jirage 7,031, kowace sura madadin jirgin Amurka guda da ya tashi daga Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba. Mutum zai yi ta tafiya yana zaton ya kai ƙarshe, sai ya ga wani allon a gabansa.

A ciki, rataye a sama, na ga abin da ɗana ya kawo ni dominsa, wato A-10, wanda matuƙansa ke kira da sunan gadu saboda muninsa. Kishiyar Jaguar ne ta kowace fuska. Fukafukansa miƙaƙƙu ne masu kauri, faɗinsu mita 17 da rabi, har sun fi jikin jirgin tsawo, shimfiɗarsu kuma ta kusa ninka ta Jaguar. Wanda ya taɓa lura da shirwa tana kewaya mahauta, fukafukai a shimfiɗe, tana juyi a ɗan wuri ba tare da gajiya ba, ya kuma ga shaho ya naɗe nasa ya faɗo kamar jifa, to ya riga ya fahimci bambancin jiragen nan biyu. Amurkawa sun koyi darasi a Biyetnam cewa jirgi mai tsananin gudu ba ya iya daɗewa a kan fagen fama, ba ya kuma ba matuƙi zarafin rarrabe abin da ke ƙasa. Ga kuma tsoron dubban tankokin Tarayyar Sobiyat da ke fuskantar Jamus ta Yamma. Sai suka nemi jirgin da zai yi tafiyar kimanin kilomita 560 a sa'a, ya yi shawagi ƙasa-ƙasa na dogon lokaci, ya sha harbi ya dawo gida. Kamfanin Fairchild Republic ya ƙera shi, ya fara tashi a watan Mayun 1972, aka yi guda 716, kuma da yawansu sun zauna a Bentwaters, gabas da inda muke tsaye.

Tsayuwa a ƙarƙashinsa ita ce ta nuna mini cewa babu ko taki ɗaya a jikinsa da aka yi don ado. Igwarsa mai baki bakwai, wadda tsawonta ya kai mita 6, tana aman harsashi mai kaurin milimita 30 har 3,900 a minti, wato 65 a daƙiƙa, kuma naushin da take yi baya in tana harbi ya ɗan fi ƙarfin injinsa guda. Da bakin da ke harbi ya kauce daga tsakiyar jirgin ko da kaɗan, da kowane harbi zai karkatar da hancinsa daga abin da aka saita. Don haka aka gusar da igwar zuwa hagu, yadda duk bakin da juyi ya kawo shi wurin harbi zai dace da tsakiya, tayar gaba kuma, da ta rasa mazauninta na al'ada, aka matsar da ita dama. Ɗana ya ɗaga hannu ya nuna mini wannan karkata, ya ce, "Kawu, ku duba da kyau, igwar aka fara ajiyewa, sannan aka gina jirgin a kewayenta."

Injinansa biyu an ɗora su a saman ƙugu, kowanne a kwanso nasa, kuma hikimar hakan ta kasu kashi-kashi: sun yi nisa da ƙasa, ba sa zuƙar tsakuwa in an tashi daga titin da ba a share ba, sun yi nisa da juna da tankunan mai, harbi ɗaya ba ya cinye su duka, hucinsu kuma yana bi ta saman wutsiya, tsakanin allunanta biyu da ke tsaye, waɗanda ke kare zafin daga makami mai linzami da ke bin zafi. Sai dai injin da ke sama yana son dunƙufar da hancin jirgi ƙasa, saboda haka aka ɗaga bakin hucin sama da kimanin digiri 9 don a daidaita mizani. Wutsiyar nan da ɗan Firnas ya manta, a nan an yi mata tsayayyun alluna biyu, domin in an harbe ɗaya ɗayan ya riƙe jirgin kada ya yi ta lilo. Bakin fukafukan an lanƙwasa su ƙasa don rage guguwar da ke murɗawa a ƙarshen fiffike tana jan jirgi baya. Allunan karkatawa kuwa manya ne ƙwarai, kuma kowanne na iya tsagewa biyu, rabi sama rabi ƙasa, ya zama birki a cikin iska. Tayoyin baya ko an naɗe su ba sa shigewa duka, wani sashensu na leƙe, don in sun ƙi fitowa jirgin ya sami abin da zai sauka a kai.

Matuƙi yana zaune a cikin wani baho na ƙarfen taitaniyam mai nauyin kilo 540. Ana sarrafa alluna da bututun mai masu matsi, layi biyu a ware. In duka biyun sun fashe, akwai igiyoyin ƙarfe da matuƙi zai ja da ƙarfin damtsensa. Dattijon nan, wanda ya biyo mu har nan don bai gaji da hira ba, ya kawo hujja da Kyaftin Kim Campbell, wadda aka yi wa jirginta ruwan wuta a kan Bagadaza ranar 7 ga Afrilun 2003, layukan biyu suka tsiyaye, ta koma kan igiyoyin ta tuƙa shi har Kuwait ta sauka lafiya. Amma shi ma A-10 ya biya nasa farashin: ba shi da gudun tsira, kuma a sararin da abokin gaba ke da jiragen yaƙi masu gudu da makaman zamani, rayuwarsa gajera ce, shi ya sa Amurka ta fara yi masa ritaya. Da za mu rabu, dattijon ya raka mu har ƙofa, ya ƙi karɓar ko kofin shayi, na ba shi goro ɗaya ya juya shi yana dariya ya sa a aljihu.

Da yamma muka ƙarasa Kambirij, muka nufi masallacin da aka buɗe a 2019 a kan titin Mill Road, mai ginshiƙan katako da ke rassa a sama suna saƙa rufi, da lambu da maɓuɓɓugar ruwa a ƙofarsa. Muka haɗa azahar da la'asar bisa rangwamen da shari'a ta yi wa matafiyi, muka ci gurasa da gasasshen nama a wani shagon Turkawa da ke kan titin, sannan muka kama jirgin komawa Landan.

Abin da na fito da shi daga wannan ziyara shi ne cewa maƙeran jiragen nan, kafin su ja layi ɗaya a takarda, sun fara tambayar kansu wane aiki ake so, a wace ƙasa, da wane abokin gaba, sannan suka yarda su bar duk abin da aikin bai nema ba. Kuma mai saye ya fi maƙeri bukatar wannan tambaya. Jaguar an yi shi don tsallake rada da makaman Turai, mu kuwa fitinar da ta same mu ta mutane ce a kan babura cikin daji, wadda ke neman jirgi mai haƙurin shawagi, mai sauƙin mai da gyara. Ta wannan fuska, jiragen Super Tucano 12 samfurin Birazil da aka kawo a 2021 aka ajiye a Kainji, masu farfela da miƙaƙƙen fiffike, sun fi kusa da mantiƙin A-10, ko da yake ba su da kwarjinin Jaguar a ranar fareti. Sai dai duk wannan hikima ta fiffike iyakarta ta ba matuƙi lokacin dubawa. Tabbatar da abin da ya gani kafin ya saki wuta aikin horo ne da sahihin labari da tsoron Allah, kuma abin da ya faru a Rann a watan Janairun 2017, inda bam ya faɗa kan sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure, ya isa wa'azi, balle ga al'ummar da fuƙaha'unta suka haramta taɓa mata da yara da tsofaffi a fagen yaƙi tun ƙarnoni da suka shuɗe.

Muna da gidan tarihin yaƙi a Umuahia, inda aka ajiye wasu jiragen yaƙin basasa, amma ya yi wa ɗalibin Kano ko Sakkwato nisa. Da hukuma za ta ɗauki tsofaffin jiragenmu da suka daina tashi, ta kafa musu rumfa a Kaduna ko Zariya, inda makarantun sojan sama da na tuƙin jirgi suke, ta sa tsofaffin makanikai su tsaya suna bayani da Hausa a kan kuɗin shiga da talaka zai iya, da yaron da yau iyakarsa ya ji rugugi ya ɗaga kai ya sami inda zai tsaya ƙarƙashin fiffike ya tambayi dalilin lanƙwasarsa, kuma daga cikin masu irin wannan tambaya ake samun waɗanda za su hana jirgi na gaba da za mu saya kwanciya don rashin mai gyara. Allah ya ba mu zaman lafiyar da za ta mayar da su duka abin kallo.